Bazarar da Na Yi Gadin Tulun Iri

Daga bakin gadar Wudil har ka dangana da Darki, in an cire waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, babu namijin da ya kai ni sanin tattalin gida. Ba yabon kai nake yi ba. An ce yabon kai jahilci, ni kuwa da takarduna. Ni ne mutumin da zai kalli ƙwaryar gari sau ɗaya ya gaya maka ranar da za ta ƙare, har ya ƙara maka da cewa kafin la'asar ne ko bayanta. Ni ne na riƙe gidan mutum goma sha ɗaya a shekarar da ɓeraye suka yi ƙaura daga garinmu saboda rashin abin sata. Wanda yake shakka ya zo ya tambaye ni.

Bazarar bana ce ta tono mini wannan zance. Yau kusan mako uku ke nan hadari yana yi mana wasa da hankali. Da la'asar sai ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mata su kwashe shanya, yara su fara tsalle, sai iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da zufa da ƙurajen zafi. Ruwan randa kansa sai ka hura kafin ka sha. Ana cikin haka wutar lantarki ta yi tafiyarta ba sallama.

Autata Sadiya, wadda take karatun abinci da gina jiki a babbar makaranta, ka ji fa, karatun abinci, ita ce ta sa aka sayo mata kwandon tumatir lokacin da yake araha. Aka kai inji aka markaɗe, ta ɗura a robobi ta jera a firiji, tana tafiya tana yanga kamar wadda ta gama da yunwar duniya. Kwana huɗu ba wuta. A na biyar robobin suka kumbura, ɗaya ta yi bindiga cikin firijin, har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Warin kuwa, ungulu biyu na gani da idona sun sauka a kan katanga sun leƙa, suka ce a'a, wannan ya fi ƙarfinsu.

"Baba, ai ba laifina ba ne," in ji ta, "wuta ce."

Na ce, "Wuta? Ga wuta can a sama, Allah yana kunna muku ita kyauta kowace safiya, tun zamanin kakan kakanki ba ta taɓa fashi ba. Ki yanka tumatir ki baza, kwana biyar ya zama kauɗa, ya kai ki har wata kakar. A'a, ku sai dai akwatin da yake kukan sauro."

Ba ta gama goge wannan ɓarna ba kuma na kama ta ta jiƙa tukunyar tuwo, ta kankare ƙanzon ta watsa a rariya. Ƙanzo! A rariya! Mutanen yanzu ke nan. Riga ta ɗan yage a hammata, sai a ce ta mutu. Maƙwabcina ya malale tsakar gidansa da siminti tas, ko tsinke ba shi da inda zai tsiro, sannan ya sayo wasu furanni a tukwane yana ba su ruwa safe da yamma, furen da ko akuya ta shinshina sai ta kau da kai. Kuɓewa kuwa sai ya tura a sayo masa ƙwaya biyar a leda. Shi ya sa na jawo kujera na ce wa Sadiya ta zauna, yau za ta ji yadda ake riƙe gida. Uwarta Asabe tana gefe a kan keken ɗinki, tana mayar da wata tsohuwar rigata rigunan matashin kai.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Lokacin muna wani ƙauye a gefen Utai, ni ango ne sabo fil, na gama makarantar horon malamai ina jiran a kira ni aiki, ina yawo da biro biyu a aljihun gaba ko da gona za ni. Daminar shekarar ta fara lafiya lau. Aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya ɗauki ciki ya fara fitar da kai. Sai ruwa ya ɗauke cak. Sama ta yi fari fat, ganye ya nannaɗe kamar tabarmar da aka gama salla a kanta. Sau uku ana fita roƙon ruwa. Da ruwan ya tashi dawowa, ta'aziyya kawai ya zo yi wa gero. Gonar da take cika mana rumbu biyu ba ta kai rabin ɗaya ba, zangarniyar kuwa sai ka ce jelar ƙadangare.

Da aka gama ɗaure ɗan abin da aka samu, Baba da ƙanensa suka ɗauki jaka za su Kudu ci-rani. A bakin zaure Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Garba, kai ne babba yanzu." Na gyara zaman biro na ce ya tafi da kwanciyar hankali. Gida ya rage mata da yara da ni, sai kuma Iya Tabawa.

Iya Tabawa kakata ce ta wajen uba, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Ba ta kai tsayin taɓarya ba, amma tana iya ƙirga ƙwayar gero a bakin kaza daga nesa. Kamar kowace kaka da jikanta namiji, "Maigidana" take ce mini, sai dai yadda take jan kalmar, gara ta zage ni kai tsaye.

Tun ranar da su Baba suka juya baya ta kafa dokarta. Duk wani abu mai kore a garin nan, in dai ba guba ba ne, sai da ya hau soronmu. Kuɓewa aka yayyanka aka baza. Yakuwa, rama, zogale, tafasa, kowanne da tabarmarsa. Kuka a inuwa ake shanya ta, don in rana ta buge ta sai ta koɗe ta zama kamar garin ƙasa. Kabewa aka feƙe ta doguwa-doguwa kamar igiya aka rataye a kan danga. 'Ya'yan yakuwa ba a zubar ba, aka dafa aka rufe suka zama daddawar batso. Mako guda in ka shigo gidanmu sai ka nemi inda gawa take, amma ita ce ta riƙe mana miya har damina. Karan gero aka ƙone, aka tace tokar, ruwanta ya maye gurbin kanwa. Dusa, wadda a da ta awaki ce, aka yi mata ƙarin girma ta koma tukunyar mutane. Ƙanzo kuwa, kowace safiya Iya da kanta take kankare shi da bakin ludayi, ta shanya a faifai, ta zuba a wani buhu da ta rataye a saman gadonta, inda sai ka taka cikinta kafin ka kai gare shi.

Ruwa ma ba a barinsa ya tafi a banza. Ta sa aka karkatar da rariyar wanke-wanke zuwa bayan ɗakinta, inda ta kewaye wani ɗan fili da kara ta shuka alayyahu da barkono da albasa mai lawashi. Alwala kuwa ba a yarda ka yi ta ko'ina ba sai a gindin zogale. In ka manta ka yi a tsakar gida, kana sallamewa za ka ji murya daga ɗaki: "Allah ya karɓa, amma zogale bai karɓa ba."

Allura ɗaya ce a gidan, tana soke a gefen ɗankwalinta kamar takobi. Tsohon zane in ya gaji, ba a yar da shi sai an zare zarensa an naɗe a tsinke. Buhun gishiri aka wanke aka ɗinka wa yara wanduna, rubutun bai fita ba, kana ganin ƙanena daga nesa ka san nauyinsa, don an rubuta masa a baya. Babbar rigata ta angwanci kuwa, duk ranar Juma'a in na saka, sai Iya ta bi ni da kallo ta ce, "Maigidana, wannan rigar taka fa yara huɗu ne a cikinta suna jin sanyi."

Yanzu, don kada a ce na ɓoye wani abu, akwai 'yan kurakurai guda biyu da aka ɗora mini a wannan shekara, kuma duk biyun ilmi ne ya jawo su.

Da sanyi ya shigo, tumatir ya yi yawa a fadamar bakin kogi, har masu lambu suna zubar da wanda ya fashe. Iya ta sa aka tsinto kwanduna, mata suka yini suna yanka, aka baza a kan karan dawa a bayan gida. Washegari aka yi rasuwa a Indabo, ta tafi zaman makoki na kwana uku. Na zo wucewa na ga ƙudaje sun yi wa tumatirin nan baƙi. Nan take ilmina ya motsa. Na tara matan gidan na yi musu bayani a kan ƙwayoyin cuta, har da zane a ƙasa. Na tattara shi tun yana da sauran danshi, na zuba a manyan ledoji, na ɗaure bakinsu tam, na kai ɗakina. Asabe ta ce, "Malam, anya kuwa?" Na ce mata wannan fanni ba na mata ba ne.

Da Iya ta dawo aka kwance. Fumfuna ta yi wa tumatir gemu, fari tas, kamar za ka durƙusa ka gaishe shi. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Maigidana, wannan a aji nawa aka koya muku?"

"Iya, ai ƙuda yana ɗauke da cuta."

"Ƙuda yakan ci nasa ya bar mana namu. Kai kuwa da ka zo, ko ƙudan ba ka bar wa ba."

Na biyun maganar gyaɗa ce. Baba ya bar rabin buhun irin gyaɗa a ɗakina, saboda ni kaɗai nake da daɓen siminti da ƙofar kwano. Ni kuwa mutum ne mai kula da amana. Kullum sai na kwance buhun na duba ko ƙwari sun shiga, kuma kowa ya sani ba a gane lafiyar gyaɗa da ido, sai an fasa an tauna. Abokaina na zaure, da yake mutanen kirki ne, su ma sukan taya ni dubawa muna jin rediyo. Ranar da Iya ta ce a fito da buhun a sha masa iska, abin da ya rage bai cika hular yaro ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya kawai ta dubi Asabe ta ce, "'Yar nan, ki riƙa ɓoye sabulu."

To ka ga dalilin da ya sa kowa ya yi mamakin abin da ya faru a farkon bazara. Wata safiya da hantsi Iya ta tara mu a tsakar gida, manya da yara. A gabanta ga wani tulu, an liƙe bakinsa da laka da kashin shanu, har da shatin yatsunta a jiki.

Ta ce, "Kun ga wannan? Irin geron kakanku ne, mai saurin nuna. Babu shi a kasuwa, babu shi a gidan kowa bana, don duk sun cinye nasu. Na cakuɗa shi da toka na rufe. In ya shaƙi iska, ƙwari sun samu. In kuwa aka ci shi, an ci baɗi, an ci baɗin baɗaɗa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, wanda ba shi da iri sai dai ya tsaya a bakin gona ya yi wa mutane barka." Sannan ta nuna ni da haɓa. "Maigida ne zai riƙe."

Matar baffana ta saki ludayin da yake hannunta. Ni kuwa na gyara zaman biro. Na ce a raina, tsohuwar nan ta daɗe tana raina ni, amma da wuya ta yi wuya ta gane namiji namiji ne. Na rungumi tulun nan, nauyi kamar na ɗauki jaki, na kai shi ƙuryar ɗakina na lulluɓe da babbar rigar. Na ɗan girgiza shi a kunnena, na ji yana cewa shuuu. Na yi rantsuwa cewa sai dai a taka gawata.

Daga nan bazara ta buɗe mana wuta. Ban taɓa ganin rana irin ta shekarar ba, kuma kada wani ɗan bana ya ce mini ya ga zafi. Ƙadangare in zai tsallaka tsakar gida sai ya tsaya a inuwar turmi ya yi shawara. Rijiya ta yi ƙasa, ana ta ƙara wa igiyar guga tsumma, har ta zama rabinta igiya rabinta tsofaffin zannuwan Iya. Aka share gindin rumbu da tsintsiya, aka sake sharewa da tafin hannu. Girki ya koma sau ɗaya a yini, bayan la'asar: tuwon da dusa ta fi gari yawa a cikinsa, yana sauka yana kartar maƙogwaro, da miyar kuka wadda ba ta taɓa jin labarin mai ba. Da safe sai Iya ta sauke buhunta, ta ɗebi ƙanzo da hannu ɗaya, a jiƙa, a kwaɗa da ganyen yaɗiya da ɗan barkonon bayan ɗaki, a raba a tafin hannu. Wallahi yau ko naman kasuwar Juma'a aka gasa mini, bai kai wannan ƙanzon daɗi ba. Yara suka koma garin ɗorawa da aduwa, bakinsu rawaya, cikinsu yana ƙugi kamar hadarin da ba ya zuwa. Daga baya ma suka daina wasa. Sai ka gan su jere a inuwar katanga, shiru, suna kallon madafa. A duk abin da na gani a shekarar, wannan ne kaɗai har yau ba na iya mayar da shi abin dariya.

Ni kuwa ina kan gadi. Na daina zaman zaure. Masallaci ma a sahun baya nake tsayawa, ana sallamewa in ruga gida in taɓa lakar in ji ko tana nan. Labari ya bazu cewa akwai iri a gidanmu, mutane suka fara sallama. Duk wanda ya je wurin Iya sai ta ce, "Ni tsohuwa me nake da shi? Ku je wurin Maigida, iri yana hannunsa." Haka na riƙa korar dattawa sa'o'in ubana, ina yi musu wa'azi a kan haƙuri.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne Kawu Ɗanlami, ƙanen mahaifiyata. Da tsakar rana ya zo, ya tako tun daga Darki, leɓensa ya tsattsage. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi amarya, ya tambayi labarin su Baba, ya tambayi zafi, ya sake tambayar gida. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Garba, yau kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidana ba. An ce akwai gero a hannunka. Ko cikin tafi biyu ne, a dama wa yara kunu."

"Kawu, ba gero ba ne, iri ne."

"Na sani, ɗan nan. Iri ma ai ciki yake shiga in an matsu."

Na miƙe tsaye, don irin wannan magana ba a yin ta a zaune. Na ce, "Kawu, wanda ya ci iri ya ci 'ya'yansa. Ko mahaifiyata ce ta dawo duniya ta roƙe ni, ba zan fasa tulun nan ba."

Ya dube ni tun daga biro har silifa. Ya ce, "Ni na goya ka a wuyana na kai ka kallon kasuwar shanu, ka yi mini fitsari a kai, ban ce komai ba. Ashe somin taɓi ne." Ya kaɗe rigarsa ya fita. Ta kan katanga na hango Iya ta tare shi a zaure, ta ɗaure masa ƙanzo da kuka da kabewa a tsumma. Shi da ita suka rabu lafiya. Ni kuwa har Allah ya karɓi ransa, gaisuwarmu ba ta ƙara wuce "lafiya" ɗaya ba.

Sau ɗaya tak na kusa karaya, shi ma ba don cikina ba. Asabe tana da ciki wata bakwai a lokacin, na fari. Wuyanta ya yi siriri, in ta tashi daga tsugune sai ta dafa bango. Wata rana da azahar tana kwance a tabarma tana fifita, sai ta ce, kamar mai magana da kanta, "Ni kam ƙamshin kunun gero nake ta ji a hancina." Na shiga ƙurya na yaye rigar, na ɗauko wuƙa na sa a bakin lakar. Ƙarar kartar farko ke nan sai ga Asabe a kaina, ta yi tsalle ɗaya kamar ba mai ciki ba, ta riƙe mini hannu.

"Malam, don girman Allah kada ka buɗe!"

"Don ke zan buɗe. Ludayi ɗaya kawai."

"Na ƙoshi. Wallahi na ƙoshi, wasa nake yi. In ka buɗe tulun nan ba za ka ƙara iya haɗa ido da kowa a gidan nan ba."

Na ajiye wuƙa, idona ya kawo ruwa. Na ce lallai Allah ya ba ni jaruma, ta dace da jarumi. Na tofa yawu na shafe inda na karta.

Kwana goma sha wani abu bayan nan, wata Alhamis da yamma, iska ta juya. Ba irin mai watsa hadari ba, wata mai sanyi ce mai ƙamshin ƙasa, tana shigowa hanci sai ka ji kamar ka ci. Kaji suka ruga. Aka yi tsawa ɗaya wadda ta sa na tuna duk zunubaina, sannan sama ta ɓalle. Indararo suka cika, tsakar gida ta zama tafki, yaran nan da suka manta wasa suka fita da wandunan gishirinsu suna ihu suna birgima a taɓo. Iya ta tsaya a bakin ƙofarta ta miƙa hannu, ruwa ya taru a tafinta, ta shafa a fuska. Ta soka yatsa a ƙasa, ya shige har gindi. Ta ce, "Na shuka ne."

Gari na wayewa ta ce, "Maigida, kawo ajiya." Na sa babbar riga, na ɗauko tulun na ratsa tsakar gida da shi a hankali, kowa yana kallo, kamar mai kai amarya. Ta karɓa ta duba lakar, ta ɗan tsaya a inda na shafa yawu, ta dube ni. Ta ce a shigar mata da shi ɗaki, ta saki asabari, don a cewarta iri ba ya son ido. Jim kaɗan ta fito da ƙwarya uku cike da gero, toka ta yi masa furu-furu, ko ƙwaro ɗaya babu.

Ni ne a gaba da sungumi ina sara, yara a baya suna jefawa suna rufewa da diddige, cikinmu ba komai sai ruwan ƙanzo, amma ƙafa ba ta gaji ba. Kwana uku gona ta yi tsiri-tsiri. Maƙwabtan da suka cinye nasu Iya ta bi su da ɗan abin da ya ragu, ludayi-ludayi. Kafin geron kowa ya nuna mu mun fara gasa tumu, a makon ne kuma Asabe ta sauka lafiya. Da Baba ya dawo ya ga dami a tsaye, ya tambayi Iya yadda aka yi iri ya tsira a irin wannan shekara, sai ta ce, "Maigida ne ya yi gadi." A gaban kowa ta faɗa. Shekara talatin ina ba da wannan labari, a wurin ɗaurin aure, a wurin suna, a ɗakin malamai, har ɗalibaina sukan ƙarasa mini shi.

Da na kai nan na jingina da kujera na ce wa Sadiya, "Kin ji yadda maza suke riƙe gida. Wata uku ina kwana da abinci a ɗakina cikina yana kuka, ko ƙwaya ban taɓa ba. Ke kuwa kwando guda, kwana biyar."

Yarinya ta sunkuyar da kai, har ta fara share ido. Sai na ji keken ɗinki ya tsaya. Asabe ta kai zare baki ta tsinke shi da haƙori, ta ninke abin da take ɗinkawa, ta ɗora a cinya.

"Malam, Iya ta ce kada in faɗa sai bayan ranta. Na ƙara maka shekara ashirin daga wajena. Amma tunda abin ya kai ga sa 'yata kuka a kan tumatir, to yashi ne a tulun nan."

"Me?"

"Yashin kogi. Ni na ɗebo shi, ni na tankaɗe. Irin yana cikin rufin madafa inda hayaƙi yake bugunsa, a jaka uku ta yadin akoko, da hannuna na ɗinke su."

Na ce, "Yashi? Na rame, na bar sahun gaba, na ɓata da kawuna har kabari, a kan yashi?"

Ta mayar da ƙafarta kan keken, ta gyara zaman tabarau.

"A'a, kada ka ɓata rai, ai ta yabe ka. Ta ce tun da aka haife ka, ajiyar da aka taɓa ba ka ta kai damina lafiya ke nan."